Hanyar Vom da Makomar Gadar Dutse

Wanda ya bar Jos da sassafe ya nufi kudu zai ratsa Bukuru tun hantsi bai ɗaga ba, kuma a kan wannan tudu da ya haura mita 1,200 bisa teku, sanyi ne ke fara yi wa baƙo maraba. Bayan Bukuru gidaje kan fara raguwa, gonakin dankalin turawa da acca da masara su karɓi hanya, wasunsu kewaye da shingen ƙerana irin wanda Birom suka gada kaka da kakanni. Daga wajen Kuru, inda Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Ƙasa take tun 1979, hanya kan ratse zuwa Vom, wadda masu ƙasar ke kira Vwang. Tafiyar duka ba ta cika awa guda a mota ba. Abin da ke raka matafiyi daga farkonta zuwa ƙarshenta shi ne duwatsu: manyan curi-curi da aka ɗora wani kan wani, da fannai masu santsi da suka shimfiɗu a tsakiyar gonaki, da tsaunuka masu tsagogi inda ɓaure da ƙananan itatuwa suka sami wurin kafa saiwa. Manomi yana kewaye su da garma, mai gini yana kallonsu a matsayin tsakuwar da ba a fasa ba tukuna, matafiyi kuma ya ɗauki hoto ya wuce. A idon mafi yawan mutane, dutse fili ne da ba a iya nomawa. Ni kuwa ina ganin waɗannan duwatsu gida ne, kuma ɗaya daga cikin masu gidan tana dab da ƙarewa ba tare da an ko ƙidaya ta ba.

Sunanta gadar dutse, wato gada ta dawa, wadda mazauninta ke kan dutse. Turawan Afirka ta Kudu sun raɗa mata klipspringer, ma'anarsa mai tsalle a kan dutse, kuma da wannan suna littattafan ilmi suka san ta. Ƙaramar dabba ce, tsayinta a kafaɗa bai wuce santimita 60 ba, nauyinta tsakanin kilo 8 zuwa 18, macen ta ɗan fi namijin girma. Namiji na da ƙahoni gajeru, miƙaƙƙu kamar tsinke. Abin mamakinta yana ƙafa. Sauran dabbobi masu kofato suna taka ƙasa da tafin kofaton, ita kuwa a kan tsininsa take tsayawa, kamar mai ɗage, kuma tsinin yana cinyewa ta yadda gefensa ke zama da kaifi yana kama dutse. Da haka take iya haɗa ƙafafunta huɗu a kan ɗan tudun da bai fi tafin hannu ba, ta yi tsalle daga nan zuwa wani. Gashinta ma daban yake: kauri gare shi, cikinsa rami ne kamar kara, yana tare mata sanyin dare da zafin fā da rana, yana kuma zubewa da sauƙi idan ta gogi dutse ko wani abu ya cafke ta. A Afirka ta Kudu an daɗe ana farautarta saboda wannan gashi, ana cusa shi a sirdi. Ba ta dogara da ciyawa ba. Ganye da fure da 'ya'yan itatuwan da ke fitowa a tsagogin dutse su ne abincinta, kuma daga cikinsu take samun mafi yawan ruwan da jikinta ke bukata, don haka ba ta da dalilin sauka rafi kullum. Duk halittarta, daga kofato har ciki, an gina ta ne domin wuri guda, kuma idan aka raba ta da wurin, ƙwarewarta ba ta da sauran amfani.

Zaman aurenta ne ya fi jan hankalin masu bincike, kuma a nan ne rauninta yake. Gadar dutse ba ta yin garke. Namiji ɗaya ne da mace ɗaya, suna zama tare shekara da shekaru, sau da yawa har mutuwa ta raba. Da wuya ka ga tazarar da ke tsakaninsu ta wuce 'yan taku. Idan ɗaya na ci, ɗayan na tsaye a kan tsini yana gadi, kuma idan ya hango damisa ko gaggafa ko kare, sai ya yi wani fito mai kaifi ta hanci, abokin zamansa ya amsa, su yi ta karɓa-karɓa. Kowane aure na da yankinsa, daga 'yan hektoci kaɗan a wuri mai ni'ima zuwa kusan hekta 50 a wuri mai fari. Suna shata iyaka da tarin kashi a wurare sanannu, da kuma wani baƙin maiƙo da ke fita daga ramin da ke gaban idonsu, wanda suke shafawa a kan tsinken reshe. Ciki wata shida ne zuwa bakwai, ɗa guda ake haifa, uwa ta ɓoye shi a kogo wata biyu ko uku kafin ya fara bin iyayensa. Idan ya girma dole ya bar gida ya nemi nasa dutsen da nasa abokin zama. Duk wanda ya taɓa kiwon awaki zai gane abin da wannan lissafi ke nufi. Akuya kan haifi biyu, wani lokaci uku, ta kuma sake ɗaukar ciki da wuri. Garken da annoba ta ci rabinsa yana iya farfaɗowa cikin shekara biyu. Dabbar da ke haihuwar ɗa ɗaya, wadda harbin guda ɗaya ke rushe mata gida gaba ɗaya, wadda kuma ɗanta sai ya ratsa gonaki da karnuka da titi kafin ya kai dutse na gaba, ba ta da irin wannan juriya. Tsayuwar da take yi a kan tsini tana gadi, wadda ta cece ta daga damisa dubban shekaru, ita ce ke miƙa ta ga mai bindiga.

Mai musu zai ce, ai gadar dutse ba ta ƙare a duniya ba. Gaskiya ne. Daga tsaunukan Habasha zuwa Kenya da Tanzaniya har Namibiya da Afirka ta Kudu tana nan, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sa jinsin gaba ɗayansa cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu ba. Sai dai tamu ta Nijeriya ba ɗaya take da waɗancan ba. Masanin dabbobi ɗan Ingila Richard Lydekker ya bayyana ta a 1911 da sunan porteousi, kuma ita ce kaɗai gadar dutse a duk yammacin Afirka. Mazauninta tudun Jos ne da tsaunukan da ke kewaye da shi, sai wasu 'yan tsirarun wurare a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Tsakaninta da danginta na gabas akwai dubban kilomitoci na fili da ba za ta iya ratsawa ba. IUCN ta sa wannan reshe cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa, da ƙiyasin cewa manyan da suka rage ba su kai 2,500 ba. A 2011 masana biyu, Colin Groves da Peter Grubb, sun ma ɗaga ta zuwa jinsi mai zaman kansa, ko da yake ba duk abokan aikinsu ne suka yarda da su ba. Ko a kira ta jinsi ko a kira ta reshe, abin da ya rabu da danginsa tsawon zamani ya saba da damina da hunturun wannan tudu ba a maye gurbinsa da wanda aka ɗauko daga Namibiya. Makiyayi ba zai yarda a ce masa ɓacewar bunaji ba asara ba ce don akwai shanu a Holan.

Yadda aka kai ga wannan hali a rubuce yake a gefen hanyar Vom ga mai son karantawa. Tafkunan da ke sheƙi tsakanin Bukuru da Barikin Ladi, da tuddan jar ƙasa da ke gefensu, ragowar haƙar kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shigo, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, dubban leburori suka kwararo daga Kano da Katsina da Barno da kudu, har aka kai ga aikin tilas a lokacin yaƙin duniya na biyu. Kuza a kwari take, cikin yashin tsofaffin koguna, don haka haƙar ta cinye fadamu ta bar duwatsu a tsaye. Amma ta kawo jama'a, jama'a kuma na bukatar itacen girki da nama, ta kuma tura manoman da suka rasa kwari zuwa gindin tsauni. Bayan kasuwar kuza ta faɗi a shekarun 1980, abin da ya biyo baya ya fi shafar dutsen kai tsaye. Jos da Bukuru sun haɗe, gine-gine na hawa tsauni, kuma kowane gini na bukatar tsakuwa. Matafiyi zai ga mata da yara zaune da guduma a gefen hanya, zai ga tifofi na lodi, zai ji ƙarar nakiya daga nesa. A haɗa da masu gawayi da ke sare itatuwan tsagogi, da awakin gida da ke cin ganyen da gada ke ci, da ƙunar daji ta rani da ake yi don fitar da nama, da karnukan farauta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mugunta ta haifa. Duka neman abinci ne. Amma jimillarsu ita ce kowane dutse ya zama tsibiri, tsibiran kuma na ƙanƙancewa suna nisa da juna.

A nan ne isowa Vom ke da ma'ana ta musamman, domin babu wani gari a Nijeriya da ya fi shi sanin yadda ake ceto dabba. A farkon shekarun 1890 annobar bushiya ta ratsa ƙasar Hausa da Barno ta kashe mafi yawan shanun Fulani, ta haɗa da ɓauna da sauran namun daji. Don yaƙar wannan cuta aka kafa ɗakin binciken dabbobi a Vom a 1924, wanda ya zama Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da muke da ita yau, ga kwalejojin koyar da kiwon lafiyar dabbobi a gefenta. Daga nan aka riƙa fitar da allurar rigakafi zuwa rugage. An yi gagarumin gangami na ƙasashe daga 1962, cutar ta sake dawowa a 1983 ta yi ɓarna mai yawa, aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya, cuta ta biyu a tarihi da ɗan Adam ya kawar bayan agana. Darasin wannan tarihi a fili yake. An yi nasara ne saboda an bi ruga-ruga an ƙidaya, an rubuta, an koma an sake dubawa, an kuma shawo kan makiyayi har ya kawo shanunsa da kansa. Gadar dutse na bukatar wannan ɗabi'a fiye da komai. Kuma ƙidayarta ba ta fi ƙarfinmu ba, domin dabba ce da ba ta ƙaura: tarin kashinta da baƙin maiƙon da take shafawa a reshe suna shaida tana nan ko da ba a gan ta ba, ƙaramar kyamarar da ake ɗaurewa a dutse tana iya ɗaukar hotonta, daga kashin kuma ɗakin gwaji na iya gano danganta tsakanin na wannan tsauni da na wancan. Akwai ma dalilin da ya shafi aikin Vom kai tsaye. Annobar awaki da tumaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, wadda duniya ta ɗauri aniyar kawarwa nan da 2030, ta tsallaka daga dabbobin gida ta kashe dubban barewar saiga a Mongoliya a 2016 da 2017. Inda akuyar gida da naman dawa ke cin ganye ɗaya, lafiyar ɗaya ba ta rabuwa da ta ɗayar.

Wani zai ce a sauƙaƙa: a kamo 'yan kaɗan a kai gidan namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, a killace su a huta. Wurare irin wannan suna da amfaninsu, musamman wajen nuna wa yara abin da ƙasarsu ta mallaka. Amma lissafin fili kaɗai ya isa ya nuna iyakarsu. Gandun na Jos kusan murabba'in kilomita 8 ne, ba kuma dukansa ne dutse ba. Dabbar da kowane aurenta ke bukatar yankinsa, wadda ba ta yarda wani aure ya raɓe ta, ba za a tara ɗaruruwanta a can ba, kuma 'yan kaɗan da aka killace za su yi ta auren dangi har jininsu ya raunana. Manyan gandaye irin Lame-Burra a Bauchi da Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa suna da muhimmanci, amma mafi yawan duwatsun tudun Jos ba sa cikin kowane gandu. Suna bayan gidajen mutane, tsakanin gonar wane da ta wane. Saboda haka ko dai a kare gadar dutse a inda take, cikin jama'a kuma da yardarsu, ko kuma ba za a kare ta ba sam. Abin da ake bukata shi ne jerin tsaunuka da aka bar wa itatuwansu, kusa da juna yadda ɗan gada zai iya tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya.

Musun da ya fi nauyi shi ne na rayukan mutane, kuma bai kamata a amsa shi da gaggawa ba. Wannan ƙasa ta ga jini a 2001 da 2008 da 2010, ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi da Bokkos da Mangu sun binne mutanensu, manoma da makiyaya duka sun yi asarar da ba ta misaltuwa. Wanda ya kwana a sansanin gudun hijira yana da haƙƙin ya tambaya me ya sa ake maganar gada. Babu mai hankalin da zai ɗora ran dabba a kan na mutum. Sai dai zaɓin ba haka yake ba, domin kuɗin ƙidayar gada ba daga bakin maraya za a cire shi ba, kuma tsaunin da ke riƙe da gada shi ne ke riƙe da mutum. Daga wannan tudu Kogin Kaduna da Gongola suke tasowa, haka ma Dilimi da ke gangarawa arewa maso gabas ta nufi ƙasar Jama'are. Itatuwan tsauni ke rage gudun ruwan sama su ba shi damar nutsewa, ya fito a maɓuɓɓuga da rani. Idan aka aske tsauni aka fasa shi, ruwa kan sauko da ƙarfi ya yanka gona, rafi ya ƙafe da wuri, kuma ƙafewar rafi na cikin abubuwan da ke haɗa mai shanu da mai lambu a mashaya ɗaya da zuciya a kusa. Ba na cewa kare dutse zai kawo sulhu. Rikicin Filato ya fi haka zurfi, akwai siyasa da ƙasa da rashin hukunci a cikinsa. Abin da nake cewa shi ne yarjejeniya a kan tsauni guda, wadda mai unguwa da arɗo da shugaban maharba za su zauna su ƙulla, tana cikin ƙananan abubuwan da maƙwabta za su iya yarda a kansu tun kafin su yarda a kan manya.

Saura maharbi da mai fasa dutse, waɗanda za a ce an hana su abinci. Doka kaɗai ba ta isa ba. Arewa na da dokar namun daji tun 1963, tarayya ta yi tata a 1985, kuma takarda ba ta taɓa hawa tsauni ta kwance tarko ba. Abin da ya yi aiki a wasu wurare shi ne mayar da mafarauci mai gadi. A farkon ƙarni na 19 bunsurun dutse na tsaunukan Alps ya ragu zuwa kimanin ɗari a Gran Paradiso ta Italiya. Sarki Vittorio Emanuele na Biyu ya keɓe wurin a 1856, ya ɗauki masu gadi daga mutanen yankin, har da waɗanda dā suke farautarsa a ɓoye; wurin ya zama gandun ƙasa a 1922, yau kuma ana da fiye da 50,000 a faɗin tsaunukan. A Pakistan, ba wa ƙauyuka kaso mafi tsoka na kuɗin lasisin farauta ya sa suka tsare bunsurun markhor har aka sassauta matsayinsa na haɗari a 2015. Ba sai an je nesa ba ma. A Laminga, gabas da Jos, dajin Amurum mai kimanin hekta 300 yana tsaye da yardar mutanen ƙauyen, kuma tun 2001 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, tare da Jami'ar Jos, take horar da ɗalibai a cikinsa, 'yan ƙauyen na aiki a matsayin masu gadi da mataimakan bincike. A duwatsun wannan yanki ne aka gano wani ɗan jan tsuntsu da ilmi bai san shi ba sai 1998. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: tsohon maharbin Birom ko Afizere ko Ron ya san tsaunin da ya taɓa jin fiton gada a kansa da shekarar da ya daina ji, kuma wannan sani ya cancanci albashi. Fasa dutse kuwa ba a ce a daina ba. A ware inda za a fasa da inda za a bari, hukumomin jiha da masarautar Gbong Gwom Jos da dagatai su sa hannu, yadda ake ware makabarta da burtali.

Abin da bai kamata a yi wasa da shi ba shi ne lokaci. A tsaunukan Pyrenees tsakanin Sifen da Faransa an yi ta jinkiri a kan wani reshen bunsurun dutse har ta rage mace ɗaya tak, ita ma itace ya faɗo mata a Janairun 2000. Ƙoƙarin da masana suka yi na sake halitto ta daga ƙwayoyin jikinta a 2003 ya haifar da ɗan da ya rayu 'yan mintoci kawai. A arewacinmu, ragon dutse na tsaunukan Azbin a Nijar yana da gandu tun 1988, amma rashin tsaro ya sa UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari tun 1992. Gadar dutse ta Filato ba ta da gandun da aka yi dominta, ba ta kuma da mai bibiyar adadinta shekara-shekara. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan kaka, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ciyawa ta bushe, tarin kashi ke fitowa fili a kan fā, manoma kuma suka sami sararin rakiya. Ɗaliban kwalejin Vom da na Jami'ar Jos, kowane rukuni da maharbi ɗaya a gaba, za su iya farawa da tsaunukan da ake hangowa daga ƙofar cibiyar Vom, su bi ta Riyom zuwa gangaren Hawan Kibo, sannan su juya gabas zuwa tsaunukan Shere, inda tudun ya kai ƙololuwarsa a mita 1,829.